Yadda Ake Cin Kasuwar Wudil Ranar Juma'a Don Sayen Kayan Abinci Daga Hannun Manoma

Tun da tsadar abinci ta matsa wa magidanta, masu karatu suke ta maimaita tambaya ɗaya: in mutum ya ɗauki ƙafa ya tafi kasuwar ƙauye, zai samu sauƙi kuwa, kuma ta ina zai fara? Ana samun sauƙi, ana kuma samun kaya mai kyau da ba ya kaiwa kantin unguwa. Sai dai sauƙin yana ɓuya ne a wurare uku: lokacin da ka je, kwanon da aka auna maka da shi, da yadda ka duba kayan kafin a ɗinke buhu. Wanda ya yi sake da ɗaya daga ciki yana iya dawowa da kayan da suka fi na birni tsada.

Za mu ɗauki kasuwar Wudil, tsohuwar kasuwar da ke ci kowace Juma'a, mai nisan kusan kilomita 40 daga Kano a kan hanyar Maiduguri. An fi sanin ta da karar shanu, amma ranar kasuwa manoma da Fulani da masunta na ƙauyukan kewaye duk nan suke sauke kayansu. Matakan nan za su yi maka aiki a Dambatta ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, ko Larabar Abasawa, da ɗan bambanci kaɗan.

1. Zaɓi lokacin shekara

Kowane kaya da lokacinsa, kuma kasuwar ƙauye ba ta ɓoye wannan kamar yadda kantin birni ke yi. Gero ne ke fara shigowa, wajen watan Satumba. Masara da gyaɗa da wake su biyo baya a Oktoba da Nuwamba, dawa kuma sai sanyi ya fara sauka, Nuwamba zuwa Disamba. Wanda ke son tanadin hatsin shekara, tsakanin Nuwamba da Janairu ne lokacinsa: kaya ya cika kasuwa, ya kuma bushe.

Tumatir da tattasai da attarugu na noman rani suna araha daga Janairu zuwa Maris, lokacin da gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam ke zubo kaya. Albasa tana bin bayansu. Ƙwan zabi da yalwar nono na damina ne, daga Yuni zuwa Satumba.

Gargaɗi: kada ka yi ɗokin sabon hatsi na makon farko don ajiya. Yana da daɗi a tuwo da kunu, amma da sauran danshi a jikinsa. In ka ɗinke shi a buhu zai yi zafi, ya yi fumfuna, ya kuma rage nauyi. Haka nan makonni biyu kafin azumi da makon sallah farashi kan tashi, musamman na gero da wake da kaji.

2. Yi lissafi tun a gida

Kwana ɗaya kafin tafiya, ka san farashin birni. Ka tambayi mai awon unguwarku kuɗin kwanon gero, dawa, masara da wake. In kana da wanda ka sani a kasuwar hatsi ta Dawanau, ka kira shi ka ji kuɗin buhu. Na kayan miya kuma ka ji na kasuwar 'Yankaba. Ka rubuta a takarda. Ba tare da wannan ba, ba ka da abin da za ka gwada farashin Wudil da shi.

Sannan ka tara abin da tafiyar za ta ci: kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin da direba zai caza a kan kowane buhu, dako sau biyu, buhu da ɗinki, adaidaita sahu daga tasha zuwa gida, da abin da za ka sa a bakinka.

Ga lissafin misali, ka sauya alƙaluman da na ranar da kake karantawa. A ce kwanon gero naira 2,000 ne a unguwa, a kasuwa kuma 1,700. Rarar kwano ɗaya 300. Babban buhu yana cin kwano 40, rararsa 12,000 ke nan. A ce mota ta ci 3,000, kuɗin ɗora buhun a mota 1,500, dako 1,000, buhu da ɗinki 700, adaidaita 1,500, abinci 1,000, jimla 8,700. Abin da ya rage maka a buhu ɗaya 3,300. In kwano goma kawai ka je saye, ka faɗi. Shi ya sa tafiyar ta fi riba in gida uku ko huɗu suka haɗa kuɗi suka tura mutum biyu, ko kuma ka haɗa sayayyar wata uku a tafiya ɗaya.

3. Abin da za ka riƙe

Kwanon awo naka na kanka, wanda ka gwada a gida ka san cikarsa. Wannan shi ne abu mafi muhimmanci a jakarka. Sai buhuna masu tsabta waɗanda ba a taɓa zuba taki ko siminti ko maganin feshi a ciki ba, da basilla da zare ko igiya, da alƙalamin rubuta suna a jikin buhu. Bokiti mai murfi don nono, jarka wankakkiya busasshiya don man gyaɗa, kwando ko kwali don tumatir, da roba mai ɗan ƙaiƙayi ko dusa a ciki don ƙwai. Ƙaramar kwalba busasshiya da gishiri cokali biyu, za ka ga amfaninsu a mataki na 7.

Kuɗi kuma ka riƙe tsaba, da canji ƙanana masu yawa. Tsohuwar da ta kawo kuka da daddawa ba ta da asusun banki, manomin da ya kawo kwano goma ma ya fi son ya ji kuɗinsa a hannu. Akwai masu POS, amma ranar kasuwa layi kan yi tsawo, intanet kan tsinke, cajin cire kuɗi kuma kan hau.

Gargaɗi: ka raba kuɗin gida biyu ko uku. Na ƙananan sayayya a aljihun gaba, manyan a aljihun ciki. Kada ka zaro damin kuɗi a tsakiyar cunkoso don sayen barkonon naira ɗari biyu. 'Yan sane ma ranar kasuwa suke jira.

4. Lokacin tashi da lokacin isa

Ka bar Kano wajen ƙarfe bakwai na safe, ta Hotoro da Mariri. Ka yi nufin kasancewa cikin kasuwa tsakanin takwas da rabi da tara. A lokacin ne manoma ke isowa da kaya a kan babur da amalanke, kafin 'yan sari su kwashe masu kyau.

Juma'a ce, saboda haka ka tsara ranarka gida biyu. Hatsi da busassun kaya kafin a tafi masallaci, a ɗinke, a ajiye a wurin da ka amince. Ɗanyen kaya bayan an sauko. Da la'asar ka kama hanya. Wajen yamma ne masu tumatir da ganye ke karya farashi don kada su koma da kaya gida, amma motoci ma lokacin suke cika, hanya ta cushe da tirelolin shanu, kuma ba a son tafiyar dare da kaya.

In wata kasuwa ce za ka, musamman a yankunan da ke fama da rashin tsaro, ka tambaya kafin ka fita ko tana ci a makon. A 2021 gwamnatin Zamfara ta taɓa dakatar da kasuwannin mako na jihar saboda 'yan bindiga.

5. Zagaya tukuna

Rabin sa'ar farko ba ta saye ba ce. Ka bi layin 'yan hatsi daga farko zuwa ƙarshe, ka tambayi farashi a wuri huɗu ko biyar, ka saurari yadda 'yan gari ke saye. Farashin da ka ji an sallama wa matar da ta zo da ƙwarya daga ƙauye shi ne farashin ranar. Ka lura da inda rumfar shugabannin 'yan hatsi take, da inda motocin Kano ke lodi, don ka san nisan dakon da za ka biya.

Kada ka taya kaya a wannan zagayen. A kasuwa tayi alkawari ne: in ka taya aka sallama maka, ka saya ke nan, janyewa kuma abin kunya ne da kan jawo rigima.

6. San wanda kake ciniki da shi

Mutum uku za ka tarar a layin hatsi. Manomi, wanda ya zo da rabin buhu ko buhu ɗaya ko biyu don biyan wata buƙata. Kayansa iri ɗaya ne, ba shi da rumfa, sau da yawa ma ba shi da kwano. Ɗan awo, mai rumfa da tsibin hatsi kala-kala a gabansa, wanda ya saya ne don ya sayar. Sai dillali, wanda ba shi da kaya, yana haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'ada.

A hannun manomi kaya ya fi araha, kuma za ka iya tambayarsa abin da ɗan awo ba zai iya faɗa maka ba: na bana ne ko na bara, a rumbu ya kwana ko a buhu, an sa masa magani ko ba a sa ba. Amma kayansa kan zo da ƙaiƙayi da ƙasa, don daga masussuka yake. Na ɗan awo ya fi tsabta, ya fi tsada.

In buhuna da yawa kake so, dillali na da amfani, kada ka raina shi. Sai dai ka nemi wanda 'yan rumfa suka sani, ba wanda ya tare ka a bakin tasha ba. Ku yanke la'ada kafin ya ɗaga ƙafa, ka kuma tambaya a fili: wa zai biya, kai ko mai kaya? Kuɗin kaya ka damƙa wa mai kaya hannu da hannu a gaban dillalin.

7. Duba hatsi da wake

A nan ake cin riba, a nan ake tafka asara, saboda haka kada ka yi sauri.

Fara da zura hannu har gwiwar hannu cikin buhun, ka ɗebo na tsakiya. Na saman buhu kullum mai kyau ne. In buhun a ɗinke yake, ka sa a soka ƙarfen ɗebo hatsi a sama da tsakiya da ƙasa. In ka ji ɗumi a cikin buhun, hatsin bai bushe ba, ka bar shi.

Gwada bushewa. Ka ciji ƙwayar masara ko dawa: busasshiya za ta fashe da ƙara, mai danshi za ta lotsa. In kana shakka, zuba hatsin ya kai kashi ɗaya cikin uku na kwalbarka, ka ƙara gishirin, ka rufe, ka girgiza kamar minti ɗaya, ka bar ta ta ɗan huta. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran ruwa a hatsin, bai isa ajiya ba.

Ka murza hatsin a tafin hannu, ka hura. Abin da ya tashi ƙaiƙayi ne, abin da ya rage a layukan tafinka ƙasa ce. Kaɗan ba laifi. Amma in kowane tafi da yashi, to a kwano 40 za ka iya zubar da kwano biyu ko uku wajen gyara, sai ka cire wannan daga farashin da za ka taya.

Wake kuwa ka baza shi a faifai. Huji a jiki, farin ɗigo manne a fatarsa, ko gari a ƙasan buhu, duk alamar ƙwari ne. Farin ɗigon nan ƙwan ƙwaron ne, zai ƙyanƙyashe a ɗakinka. Sannan ka sunsuna.

Gargaɗi mai girma: waken da ya wuce wata biyar ko shida da girbi, babu huji ko ɗaya, kuma yana warin magani ko kananzir, ka guje shi komai arhar sa. Wasu masu ajiya na zuba maganin ƙwari irin su Sniper kai tsaye a kan wake, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Saboda ragowar irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Wanki ba ya tabbatar da cewa maganin ya fita. Ka fi son wanda mai shi ya ce a buhun leda mai hana iska ko a durom ya ajiye, ko kuma ka saya da kaka kai ka yi ajiyarka.

Gyaɗa da masara suna da nasu haɗarin. Ƙwayar da ta yanƙwane, ta yi baƙi, ko ta yi kore-kore, ko take ɗaci a baki, fumfuna ce ta kama ta, kuma irin wannan fumfunar na barin guba mai lahanta hanta wadda dafuwa ba ta kashewa. Ka ɓare gyaɗa goma daga wurare daban-daban na buhun. In biyu sun lalace, ka wuce gaba.

Shinkafa 'yar gida ka duba abu biyu, tsakuwa da yawan karyayyu, sannan ka sunsuna ko turarar ta yi tsami. Shanshera ta fi araha, amma sai ka san inda za a turara a kai inji, kuma ka sani kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta zai tafi a ɓawo da dusa.

8. Ciniki da awo

Ka fara da sallama da gaisuwa, kamar yadda za ka yi wa na gaba da kai a ko'ina. "Salamu alaikum, Baba, ya kasuwa?" Tsohuwa ka ce mata Inna ko Iya, sa'anka Malam. Sannan ka tambayi kuɗin kwano. In ya faɗa ka taya ƙasa kaɗan, zai ce albarka, ka ƙara, har ya ce ya sallama. Hatsi ba atamfa ba ne da za ka raba kuɗinsa biyu; kowa ya san farashin ranar, abin da ake ragewa bai wuce naira hamsin ko ɗari a kwano ba. Inda za ka samu ragi na gaske shi ne in ka ce za ka kwashe duka, don manomi ya fi son ya sallami kayansa lokaci ɗaya ya je ya yi cefanensa.

Ra'ayinmu a nan a fili yake: kada ka matse wanda ka ga buƙata ce ta fito da shi. Ka riga ka tsallake ribar ɗan sari da ta mai kanti. Naira hamsin ɗin da za ka ƙwace a hannun dattijon da ya turo rabin buhu a keke ba za ta ƙare ka da komai ba, shi kuwa wahalar damina guda ce a gabanka.

Kafin a fara awo, ku daidaita abu uku. Wane kwano? Da tsororuwa ko a shafe? Da hannu ko babu hannu, wato ko ma'auni zai tare gefen kwano da tafinsa don hatsin ya ƙara tsayi? Kwanon saye da kwanon sayarwa ba koyaushe suke ɗaya ba. Akwai wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, akwai wanda aka rage bakinsa. Ka juya kwanon ka dubi gindinsa, sannan ka ce a auna ɗaya a juye cikin naka. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, don kowa ya san abin da Alƙur'ani ya faɗa a kan masu tauye mudu. Sunan ma'auni ma yana rikita baƙo: abin da Bakano ke kira kwano wani wuri tiya ake ce masa, mudu kuma ya fi shi ƙanƙanta, saboda haka ka tabbata farashin da aka faɗa maka na wanne ne.

Lokacin awo ka tsaya a kai, ka riƙe bakin buhun da kanka, ku ƙirga da murya. Duk kwano goma ka ajiye tsakuwa ɗaya a gefe. Kada ka amsa waya, kada ka biye wa mai jan ka da hira. A nan ne ashirin da bakwai ke zama talatin. An gama, ka nemi gyara, a ba ka ɗan tafi biyu, ka biya, a ɗinke a gabanka, ka rubuta sunanka da lambar wayarka a jikin buhun.

Gargaɗi: kada ka sayi ɗinkakken buhu a kan maganar baki cewa kwano 40 ne. Buhuna sun bambanta, cikawa ma ta bambanta. Ko a zazzage a auna, ko a ɗora a sikeli.

9. Busassun kayan miya, mai da zuma

Waɗannan a hannun mata ake samun masu kyau, kuma su ne abin da ya fi cancantar tafiyar, don na birni sau da yawa sun daɗe.

Kuka mai kyau kore ce shar, mai laushi. Wadda ta koɗe ta yi ruwan ƙasa ta sha rana ko ta kwana biyu. Ka murza tsakanin yatsu ka ji ko da yashi. Kuɓewa busasshiya gara ka sayi yankakkiya ka daka a gida, don a gari ne ake cakuɗa. Haka barkono: ka saye shi ɗai-ɗai, ka fasa biyu ka duba cikinsu ko da baƙar fumfuna. Daddawa ka tambaya ta kalwa ce ko ta waken suya, don ɗanɗanonsu da kuɗinsu ba ɗaya ba ne, ka kuma ɓalla ka ga ta bushe har ciki.

Man gyaɗa na matan da ke ƙuli-ƙuli ƙamshinsa ke shaidarsa. Ka ɗiga a bayan hannu ka sunsuna. In ƙamshin ya yi rauni, an sirka shi da wani mai. Zuma kuwa gwaje-gwajen da ake yi da ashana ko da ruwa ba abin dogaro ba ne. Ka nemi wadda ke tare da saƙarta, ka tace da kanka.

10. Ɗanyen kaya a ƙarshe

Bayan an sauko daga masallaci sai ka koma kan abin da rana ke lalatawa.

Tumatir in kwando za ka saya, ka sa a juye shi a wani kwandon a gabanka, don manya masu kyau a sama ake jera su. Don yin kauɗa ko ajiyar kwanaki, ɗan UTC mai tauri da ƙarancin ruwa ya fi. Albasa ka matsa wuyanta: in ya bushe ya ƙanƙance za ta daɗe, in da laushi ko tsiro sai ta girkin makon.

Nono ka ɗanɗana kafin a zuba. Kindirmo yana da kauri da maiƙo, tsala an cire mata mai. Da rani, lokacin da shanu ba su da ruwan nono sosai, akan ƙara ruwa da garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Za ka ji tsaminsa daban, ka kuma ga gari-gari a gindin ludayi. Ɗanyar madara kada a sha sai an tafasa, don tarin fuka da wasu cututtukan shanu na bi ta cikinta. Man shanu ka sunsuna, wanda ya daɗe yana ɗan wari.

Ƙwan zabi a gwada shi a ruwa a gabanka. Wanda ya nutse ya kwanta sabo ne, wanda ya tsaya da kai ya kwana biyu, wanda ya taso sama a mayar wa mai shi.

Kifi ɗanye, tarwaɗa ko karfasa, ka ɗaga marfin kunnensa ka ga ja ne, ido garau, nama kuma in ka danna ya dawo. Kifin banda kuwa ka karya ɗaya ka duba tsutsa, ka sunsuna. Tarin bandar da ƙuda ko ɗaya ba ya kusanta a tsakiyar kasuwa abin tuhuma ne, don akan fesa mata magani.

Kaza ka ɗaga ta ka taɓa ƙirjinta ka ji nama, ka dubi idonta, ka duba ƙarƙashin wutsiya ko da zawo. Da hunturu annoba kan shiga kaji, masu su kuma su yi maza su kawo kasuwa. Kazar da ke gyangyaɗi ko ta saki fiffike, arharta ba ta da amfani. In ta kiwo ce, ka ware ta daga kajin gida mako biyu.

11. Dako da lodi

Ku yanke kuɗin dako kafin a ɗaga kaya, ka kuma bi ɗan dakon ƙafa da ƙafa. In ku biyu ne, ɗaya ya tsaya a kan kayan, ɗaya ya raka. In aka nemi kuɗin haraji a bakin fita, ka nemi rasit. Da direba ma ku gama magana a kan kowane buhu kafin a ɗora.

Buhuna a ƙasa, kwandon tumatir a sama, nono da ƙwai a wurin ƙafarka. Kada hatsi ya zauna kusa da jarkar fetur ko inda aka ɗaure awaki, don yana ɗaukar wari. Da damina ka tabbata an rufa tamfol. Ka ƙirga kayanka lokacin lodi, ka sake ƙirgawa lokacin saukewa kafin mota ta tashi.

12. Abin da za a yi da an isa gida

A daren nan a gama da masu lalacewa. Nono in babu firji kwana ɗaya ne ko biyu. Man shanu a soya shi da 'yar albasa har ruwansa ya ƙone, a tace a kwalba busasshiya. Kifi a gyara a dafa ko a soya. Tumatir a zazzage shi daga kwando, a ware fasassu a markaɗa a tafasa, masu tauri a baza a inuwa; na kauɗa a yanka a shanya a kan tabarma a bisa wani abu mai tsayi, ba a ƙasa ko gefen kwalta ba. Albasa a baza ta inda iska ke ratsawa, ba a cikin leda ba.

Washegari a koma kan hatsi. A baza a tamfol a rana yini ɗaya ko biyu, a sheƙe, a tsince ruɓaɓɓu. Wake a yi masa ƙari: a shimfiɗa baƙar leda a kan busasshiyar ciyawa ko buhuna, a baza waken ba da kauri ba, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefunanta da duwatsu, a bar shi sa'a biyu a tsakar rana. Zafin da ke taruwa a ciki na kashe ƙwari da ƙwansu. A bar shi ya huce sarai kafin a zuba a buhu.

Don ajiyar watanni ba tare da magani ba, a nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Kafin a zuba, a cika kowace leda da iska a matse a ga ko tana yoyo. Mai huji ba ta da amfani. A zuba hatsi a ledar ciki, a matse iskar da ke sama, a murɗe bakin a lanƙwasa a ɗaure, sannan leda ta biyu ita ma daban, sannan buhun waje. Ƙwarin da ke ciki za su shanye iskar da ta rage su mutu. Jarka ko durom mai murfin da ke rufewa gam yana yin wannan aikin, in aka cika shi har wuya. Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe buhun kowane mako don ɗiban na girki, iska ta koma, ƙwari su farfaɗo. A ware na cin wata guda a wani mazubi tun farko, sauran a bar shi a rufe. A ɗora buhunan a kan katako, a bar tazarar taku ɗaya tsakaninsu da bango, a kuma riƙa duba jikinsu, don huji ɗaya na ɓera ya isa ya ɓata ajiyar.